Mota mai ɗaki: sikeli ba ya karanta takarda

Ina yaro a Tawa, ƙarshen shekarun 1980, mukan ga motocin Turawa masu yawon buɗe ido sun tsaya bakin gudro, ƙura ta rufe su. Daga Aljeriya suke fitowa, su bi ta Tamanrasset, Asamaka, Arlit da Agadas, sannan su gangaro kudu. Mukan yi cincirindo muna leƙen cikinsu, don akwai gado, da murhu, da ɗan teburi, wasu har da wurin wanka. Mota mai ɗaki muke ce musu. Faransawa kuwa camping-car suke cewa.

Na daɗe da mantawa da su, sai watan jiya da ƙanena da ke aiki a Faransa ya kira ni. Ya yi shekaru yana tara kuɗi don ya sayi irin wannan mota, ya riƙa yawo da matarsa da ƴaƴansu uku lokacin hutun lakwal, ba tare da biyan otel ba. Ya ga guda biyu masu kama da juna. Ɗaya an rubuta mata kilo 3500 a takarda, ɗayar kuma kilo 4250. Dillali ya ce ya ɗauki ta farko, ya huta da wahala. Sai ya ce mini: "Yaya, kai ne mai koyar da lissafi, duba mini."

Na duba, kuma shawarar da na ba shi ta saɓa wa ta dillali. Zan kawo dalilaina a nan saboda darasin da ke ciki ya shafe mu, malamai da iyaye, ko da ba mu taɓa shiga irin motar ba.

A Faransa da sauran ƙasashen Tarayyar Turai, kilo 3500 iyaka ce ta doka. Kowace mota tana da wani adadi cikin kart giriz ɗinta da ake kira PTAC, wato nauyin da ba a yarda ta wuce ba idan an haɗa ita kanta, da mutane, da kaya, da mai, da ruwa. Mai parmi B, parmin ƙananan motoci, iyakarsa 3500. Wanda ke son tuƙa wadda ta wuce haka sai ya nemi parmi C1, mai kaiwa har kilo 7500. Tsofaffin da suka samu parmi B a Faransa kafin 20 ga Janairu 1975 ne kawai aka ɗauke wa wannan sharaɗi, ƙanena kuwa lokacin ba a haife shi ba.

Gaskiya dillali bai yi ƙarya ba da ya ce babbar tana da wahala. Parmi C1 kuɗi ne da lokaci, ga jarrabawa. Bayan an same shi, sai an riƙa zuwa gun likita yana sabunta shi: duk shekara 5 kafin mutum ya kai shekara 60, duk shekara 2 daga 60 zuwa 76, sannan kowace shekara. Idan matarsa ba ta da C1, ba ta da ikon karɓarsa tuƙi ranar da ya gaji ko ya kwanta ciwo a hanya.

Ga kuma gudu. A babbar hanyar Faransa ƙaramar mota tana iya kaiwa kilomita 130 a awa, mota mai ɗaki da ta wuce kilo 3500 kuwa iyakarta 110. A peyaji ana sa ta aji na 3, alhali ƙaramar, in tsawonta sama bai kai mita 3 ba, tana aji na 2, kuma kuɗin ya bambanta. Tun 1 ga Janairu 2021 dole ne a manna mata takardun gargaɗi a gefe da baya, masu nuna wuraren da direba ba ya gani, kamar yadda ake yi wa kamyo. In ya tsallaka Ostiriya, takardar da ƙananan motoci ke saye ba ta yi masa aiki, sai ya ɗauki wata na'ura mai lissafa kuɗi bisa kilomita. Akwai gadoji da titunan ƙauye masu allon hana duk abin da ya wuce tan 3 da rabi. Gazuwal ma ta fi sha. Ranar sayarwa kuma masu saye ba su da yawa, tunda ba kowa ke da parmin ba.

Duk wannan na yarda da shi. Amma sai na ce wa ƙanena ya ɗauko alƙalami mu yi abin da muke sa ɗalibai yi a allo.

A ce ƙaramar motar nauyinta kilo 3050 ne kafin a zuba mata komai. Wannan adadi da kamfani ke bayarwa ya ƙunshi tankin mai kusan cike, da direba guda da aka ƙaddara kilo 75. Saura kilo 450 ke nan. Ƙanena ya kai kilo 90, don haka an ci 15 tun bai kunna mota ba. Matarsa da yara uku, a ce 190. Tankin ruwa mai lita 100 kilo 100 ne, tunda lita guda ta ruwa kilo guda ce. Kwalaben gas biyu cike, wajen 50. Kekuna huɗu, wajen 60. Jimla 415. Abin da ya rage kilo 35, kuma a ciki za a sa tufafin mutum biyar, da barguna, da tukwane, da kujeru, da abinci. Buhun shinkafa mai kilo 25 kaɗai ya kusa cinye shi. Bayan haka, dokar Turai ta yarda nauyin gaske ya bambanta da wanda kamfani ya rubuta har kashi 5 cikin 100. Kashi 5 na 3050 ya haura kilo 150. Ke nan tana yiwuwa iyalin nan su wuce iyaka tun ba su sa ko cokali ba.

Da muka zo nan sai ya yi shiru, can ya ce: "To ai kowa haka yake yi." Wannan magana ce ta sa na zauna na rubuta wannan ra'ayi.

Wanda jandarma suka ɗora kan sikeli a Faransa aka tarar ya wuce, tarar tana farawa daga yuro 135, wajen jikka 88 na sefa, kuma in ya wuce da fiye da kashi 5 cikin 100 suna iya hana shi tafiya sai ya sauke kaya. Wannan ƙaramin abu ne. Babban abin shi ne birki da taya da sifirin ba su san abin da aka rubuta a kart giriz ba, nauyin da ke kansu kawai suka sani. Ƙarfin da birki zai kashe kafin mota ta tsaya yana ƙaruwa daidai da nauyi, in kuma gudu ya ninka biyu sai ƙarfin ya ninka huɗu. Taya da aka ɗora wa fiye da ƙarfinta tana ɗaukar zafi har ta fashe. Kayan da aka cusa can baya suna rage wa ƙafafun gaba riƙon ƙasa, su ne kuwa ke juya mota. A gangaren dutse, da yara uku a baya, ba na so ƙanena ya gano wannan da kansa. In kuma hatsari ya faru aka tarar da lodi ya wuce ƙa'ida, kamfanin inshora ya samu abin jayayya.

Babbar motar, a ce nauyinta 3100 ba kaya, tana barin kilo 1150. An ƙera ƙashin bayanta da birkinta da tayoyinta don wannan nauyi. Iyali za su cika tankin ruwa su kwana inda babu famfo, ba tare da auna kowace tukunya ba. Parmin C1 ɗin da ake gudu shi ma riba ne, domin mutumin da ya saba da ƙaramar mota yana bukatar wanda zai koya masa yadda ake shan kwana da ja da baya da abu mai tsawon mita 7. Iyakar gudu ta 110 kuwa, ni a matsayin baffan yaran nan, ban ɗauke ta hasara ba.

Su ma masu yin doka sun lura da matsalar. A watan Oktoba 2025 Majalisar Tarayyar Turai ta amince da sabon tsarin parmi wanda zai ba mai parmi B damar tuƙa mota mai ɗaki har kilo 4250 bayan horo ko gwaji. Sai dai an ba kowace ƙasa shekaru kafin ta sa shi cikin dokarta, don haka na ce masa kada ya sayi mota yau bisa dokar da ba ta fara aiki ba.

Ba na cewa babbar ta fi ga kowa. Miji da mata su biyu, waɗanda ƴaƴansu suka girma, masu tafiya da ƴan kaya kaɗan, ƙaramar ta ishe su, kuma sun huta da likita da peyaji mai tsada. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma mai iyali biyar hanya biyu gare shi masu kyau: ya ɗauki babbar ya yi parmin, ko ya haƙura da saye gaba ɗaya. Ta biyun ma ba abin kunya ba ce. Motar da za ta yi aiki sati biyar ko shida a shekara, sauran watanni tana tsaye ana biyan inshora da wurin ajiya, haya ta fi sauƙi gare ta, kuɗin kuma ya tsaya don karatun yara. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Hanyar da na hana shi ita ce ta uku, wato ya sayi ƙaramar don gudun wahala sannan ya yi mata lodin babba.

Wannan hanya ta uku mu ma mun san ta. Duk wanda ya taɓa shiga motar kasuwa tsakanin Maraɗi da Damagaram ya ga mota mai kujeru 19 da kayan da suka kusa kai tsawonta a sama. Mu malamai ma, ranar fita da ɗalibai, mukan ƙirga kawuna da kujeru, ba ma tambayar nauyi. Na kai lissafin ƙanena aji, gaban ɗalibaina masu shirin zama malamai, na canza motar zuwa wadda suka sani, na ce su samo adadin da ke cikin kart giriz su cire nauyin mutane da buhuna. Lissafi ne na tarawa da ɗebewa da ɗan aji biyar zai iya. Ina roƙon abokan aiki su gwada shi, iyaye kuma kafin su sa hannu kan takardar tafiyar yaro su tambayi mutum nawa da kaya nawa za a zuba wa motar.

Ƙanena bai sayi komai ba tukuna. Ya ce zai yi hayar guda a hutu mai zuwa, ya cika ta da iyali da kaya yadda suka saba, ya kai ta kan sikeli kafin ya kama hanya. Na ce ya turo mini adadin, ɗalibaina suna jira.