Ra'ayinmu: Bofin ba laifi ba ne, amma a fara da gyara wankin mota

Duk wanda ya tsaya kusa da baƙar mota da tsakar rana a Kano, Kaduna ko Maraɗi ya san abin: siraran zane-zane sun kewaye hasken rana a kan bonet kamar saƙar gizo. Ran mai mota ya ɓaci, sai abokai su ce magani ɗaya ne, a kai ta a yi mata bofin, wato a goge fentin da inji har ya dawo da sheƙinsa. Masu wannan aiki sun yawaita a wuraren wankin mota da bakin garejoji, kuma ra'ayi ya rabu a kansu. Wasu na ganin suna ceton mota daga sabon fenti, wasu na cewa su ne ke kashe fentin tun kwanansa bai ƙare ba. Kowane ɓangare na da hujja, sai dai ba za a iya auna hujjojin ba sai an san abin da ake gogewa.

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. A kan ƙarfe akwai shafin da ke hana tsatsa, sai furaima, sai launin motar, sannan a sama akwai wani shafi garai-garai marar launi wanda masu fenti ke kira kiliya. Shi ne ke ba da sheƙi, shi ne kuma ke kare launin daga zafin rana, domin a cikinsa ake zuba sinadaran da ke tare hasken da ke koɗar da fenti. Kaurin duka hawan a motar da ta fito daga kamfani yakan kama daga maikuron 100 zuwa 150, maikuron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Rabon kiliya a ciki bai cika wuce maikuron 35 zuwa 50 ba, wato kusan rabin kaurin takardar rubutu. A kan wannan ɗan abin injin bofin ke aiki.

Ba haka fenti yake a da ba. Tsofaffin motoci, irin Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin PAN a 1975, yawancinsu launi da sheƙi a haɗe suke a shafi guda. Shi ya sa idan aka goge su da folish tsumma ke ɗauko launin motar, kuma da an cire saman da ya mutu sai sabon launi ya bayyana. Daga shekarun 1980 kamfanoni suka karkata ga fenti mai kiliya. Dabarar gugar ta canza, amma hannun masu aiki da yawa bai canza ba. A motar yau, ranar da tsumma ya ɗauko launi, an riga an huda kiliya.

Zane-zanen kuwa ba daga sama suke faɗowa ba, wanki ne ke kawo mafi yawansu. Ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, da yashin titunanmu, suna ɗauke da ƙananan ƙwayoyin dutse da suka fi kiliya tauri nesa ba kusa ba. Direban da ke share mota da busasshen tsumma kowace safiya, da yaron da ke tsoma soso a bokiti ɗaya daga taya zuwa rufi, da tawul ɗin da ya faɗi ƙasa aka kakkaɓe aka ci gaba, duk yashi suke ja a kan fenti. Karcen ba zagaye yake ba, ta ko'ina ya bi; waɗanda suka dace da hasken ne kawai ke haskawa a ido, sai su yi kamar da'ira. Baƙar mota da shuɗiya mai duhu sun fi nuna shi, fara da ruwan azurfa suna ɓoyewa, amma yana nan.

Masu goyon bayan bofin suna da gaskiya a abubuwa uku. Na farko, karcen da bai wuce kiliya ba yana fita sarai idan aka rage saman har ya daidaita da gindin karcen, kuma guga mai sauƙi ba ta cin fiye da maikuron 2 zuwa 3. Na biyu, fentin kamfani, wanda ake gasawa da zafin da ya haura digiri 130 tun ba a ɗaura wa mota roba da waya ba, ya fi kusan duk wanda za a fesa a gareji ƙarko, don haka duk abin da zai tsawaita kwanansa riba ne. Kowa ya san darajar da “fentin farko” ke da ita a bakin dillalai. Na uku, sana'a ce da ke ciyar da matasa, kuma a cikinsu akwai gwanaye da suka san aikinsu.

Masu suka ma ba ƙarya suke yi ba. Bofin ba ya cike karce, rage fenti yake yi, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Inji mai juyawa wuri ɗaya, idan aka haɗa shi da soson ulu da maganin guga mai kaushi, yana iya cin maikuron da yawa a zama guda, ya ƙona gefen ƙofa da lanƙwasar bonet inda fenti ya fi siranta, ya kuma bar nasa zanen da ke walƙiya a rana. Ana yawan yin aikin a fili, ƙarfe ya yi zafi, ƙura na sauka. Motocin da ake shigo da su na hannu sau da yawa an riga an goge su kafin a sayar, wasu ma fiye da sau ɗaya, kuma mai saye bai sani ba. Idan kiliya ta yi siriri sai rana ta ƙarasa ta: rufi da bonet su yi fari-fari, su fara saɓa. Daga nan babu sauran folish, sai sabon fenti. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Akwai kuma ruɗanin da ya kamata a warware. Kakin mota da man sheƙi suna cike karce na ɗan lokaci ne kawai, wanki kaɗan da garin sabulun wankin kaya sai zanen ya dawo. Shafin siramik da ake tallatawa da tsada yana sa ruwa da datti su zame, yana kuma sauƙaƙa wanki, amma kaurinsa maikuron 1 ne zuwa 2, ba zai hana yashi karce fenti ba. Wanda ya ce zai hana, ya faɗi abin da kayan ba sa yi.

Matsayarmu ita ce: bofin halattaccen gyara ne, amma magani ne na lokaci-lokaci, ba ado na kowace Sallah ba. A tsawon rayuwar mota, guga mai nauyi bai kamata ta wuce 'yan lokuta kaɗan ba. Kafin a kunna inji, mai mota ya ja farcensa a kan karcen. Idan farcen ya maƙale, karcen ya yi zurfin da bofin ba zai fitar da shi lafiya ba, gara a rage kaifinsa a haƙura, ko a kai wa mai fenti. Mai aiki kuma ya fara da magani mafi laushi a ɗan wuri, a inuwa, ya fifita inji mai juyawa yana karkarwa a kan mai juyawa wuri ɗaya. Duk wanda ke karɓar kuɗin mutane da sunan bofin ya kamata ya mallaki na'urar auna kaurin fenti, ƙaramar aba ce da ke shiga aljihu, ya nuna wa mai mota lambar kafin aiki da bayansa. Dillalai su ma su faɗi gaskiya idan an goge mota ko an sake mata fenti, domin ɓoye aibin haja ba ciniki ba ne.

Babban gyaran dai a wajen wanki yake. A fara watsa ruwa sosai ƙura ta sauka kafin hannu ya taɓa mota. A ware bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye soso. Soson taya daban, na jiki daban, a wanke daga sama zuwa ƙasa, a tsane da tawul mai laushi mai tsabta. A daina share busasshiyar ƙura, ko da maigida na sauri. Ƙungiyoyin masu wankin mota za su iya koya wa yaransu wannan cikin yini guda, masu motoci kuma su yarda su ƙara ɗan abin da zai biya ruwa da tawul. Wanda ke kai motarsa bofin duk shekara bai canza mai wankinta ba, kuɗin sabon fenti yake tarawa kansa.