Tayin raini ba zagi ba ne: Yadda mai sayar da motar gayu zai kare kuɗinsa a Zariya

A ƙaddara wani matashi ne a Wusasa, can gindin Dutsen Kufena, ya ɗora hoton motarsa ƙirar Dodge Charger a WhatsApp da Facebook, ya sa mata naira miliyan 14. Kafin sallar isha saƙo ya shigo: "Yallaɓai, in za ka karɓi bakwai, kuɗi a hannu, yanzu na taho."

Yawancin masu mota ɗayan abu biyu suke yi a nan. Wani ransa ya ɓaci ya mayar da baƙar magana, ya rufe lambar mutumin. Wani kuma gabansa ya faɗi, ya fara zargin ko shi ne ya tsawwala kuɗi, washegari ya zabtare miliyan biyu ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Dukkansu sun yi asara. Na farko ya kori mai saye, na biyu ya karya wa kansa farashi.

Tayin raini ba zagi ba ne, gwaji ne. Mai tayin yana son ya gane abu biyu: shin mai motar ya san darajar kayansa, kuma shin a matse yake? Wanda ya tanadi amsar waɗannan tambayoyi tun kafin ya sa talla, da wuya a ci da guminsa.

Dalilin da ya sa tayin ke yin ƙasa

Adalci ne a fara da cewa ba kowane mai tayin ƙasa ne macuci ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin mota ya canza. Litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da dama. Mota mai silinda shida ko takwas ta zama nauyi, masu saye suka karkata ga irin su Corolla da Civic.

Sai kuma yanayin garin. Motar gayu cikinta a ƙasa yake. Wanda zai riƙa shiga lungunan birni ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Kuyambana, ga tudun rage gudu, ga ramuka da damina, dole ya yi tunani sau biyu. Kayan gyaran Charger ko Mustang ba kamar na Toyota ba ne da za a tsinta a kowane shago a Sabon Gari, sau da yawa sai an aika Kano ko Legas. Ga kuma zargin da ke bin irin waɗannan motoci: ko an sha wasan mota da ita a wajen biki, an gajiyar da giya da taya.

Wannan zargi ba a Zariya ya fara ba. A 1970 masanin tattalin arzikin Amurka, George Akerlof, ya yi bayanin cewa a kasuwar tsofaffin motoci mai sayarwa ya san aibin motarsa, mai saye bai sani ba, don haka mai saye yake taya kowace mota kamar mai aibi ce. Wannan nazari na cikin abin da ya sa ya samu kyautar Nobel a 2001. Ma'ana, wani kaso na tayin raini kuɗin tsoro ne. Wanda ya cire wa mai saye tsoro ya ɗaga tayin.

Sai dai akwai ɗaya ɓangaren da masu tayi ba sa son a ambata. Bayan an saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Shigo da irin wannan mota daga waje a yau ya ninka abin da aka biya a baya. Duk wanda ya sayar da tasa a farashin shekarun baya, ba zai iya maye gurbinta ba.

Shiri kafin talla

Mai mota na buƙatar lambobi uku a ransa: kuɗin da zai sa a talla, kuɗin da yake fatan samu, da kuɗin da ba zai sauka ƙasa da shi ba ko da wa ya zo. Na ukun sirrinsa ne, ko dillali bai kamata ya ji ba. Ba da son rai ake yanke su ba. Sai an duba nawa ake sayar da irinta, shekara ɗaya da lafiya ɗaya, a shafuka irin su Jiji da wuraren dillalan Kaduna da Kano da Abuja, tare da tuna cewa kuɗin talla ba shi ne kuɗin sallama ba.

Abin da aka kashe wajen ƙawa, kamar sabbin rim da salansa mai ƙara da baƙin gilashi, ba kasafai yake dawowa ba. Abin da ke dawo da kuɗi shi ne takardu: na kwastam, da shaidar mallaka, da lasisin mota mai rai, da rasit na gyare-gyare. A watan Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka motar da takardar kwastam ɗinta ke da gyara, mai saye zai zabtare kuɗi mai yawa, kuma yana da hujja.

Idan tayin ya zo

Bahaushe ya daɗe da tanadar kalmar da ta dace da wannan wuri: albarka. Babu zagi a cikinta, babu roƙo, kuma ba ta rufe ƙofa. "Albarka, Alhaji. Ka zo da bakanikenka ku duba ta, sai mu yi magana." Mai saye na gaskiya zai zo. Mai jefa ƙugiya a wayoyin mutane ashirin zai wuce gaba.

Babban tarko shi ne raba bambanci. An sa 14, an taya bakwai, sai wani ya ce a haɗu a tsakiya. Tsakiyar nan goma da rabi ce, kuma mai tayin ne ya gina ta da gangan lokacin da ya fara daga ƙasa. Mai mota ya tsaya kan lambarsa, in zai sauka ya sauka kaɗan-kaɗan, kuma sai bayan mai saye ya motsa. In an ce motar na da matsala, a nemi a nuna ta, a tambayi kuɗin gyaranta, a cire wannan kaɗai.

Haka nan bai kamata mai mota ya buɗe cikinsa ba. Da ya ce kuɗin makaranta ko na asibiti ko na biki ne suka taso, ya miƙa wuyansa. Akwai kuma dabarar da wasu dillalai ke yi, su turo mutum biyu ko uku a jere kowa ya taya ƙasa da na baya, har mai kaya ya gaskata cewa kasuwar ke nan. Maganinta faɗaɗa talla. Masu son irin wannan mota ba su da yawa a Zariya, sun fi yawa a Abuja da Kano da Kaduna.

Inda mai mota ma zai ji tsoron Allah

Kare kai ba lasisin cuta ba ne. Shari'a ta hana ɓoye aibin kaya, ta kuma hana najashi, wato a sa wani ya yi tayin ƙarya don a zuga mai saye. Wanda ya mayar da mitar tafiya baya, ko ya ɓoye cewa motar ta taɓa haɗari, ba shi da bakin kuka da tayin raini, domin irinsa ne suka jawo shi.

Akwai kuma ranar da tayin ƙasa shi ne gaskiya. In wata biyu ta wuce, mutane daban-daban da ba su san juna ba suna tsayawa a wuri ɗaya, to kasuwa ce ke magana. Motar da ke ajiye batir na mutuwa, taya na lalacewa, takardu na ƙarewa. Rage kuɗi a lokacin hikima ce, matuƙar mai motar ne ya yanke da lissafi, ba firgita aka yi masa ba.

In an kai ga sallama, a yi ta da rana, a gaban shaidu, da yarjejeniya a rubuce. Kada a ba baƙo mota ya tafi gwaji shi kaɗai, kada kuma makulli ya bar hannu saboda saƙon alat, sai an ga kuɗin a cikin asusu, domin alat na bogi ya raba mutane da dama da dukiyarsu.

Mai tayi yana da 'yancin ya taya yadda ya ga dama. Mai kaya ma yana da nasa 'yancin, kuma kalma ɗaya ta ishe shi: albarka.