Ɓoye Aibin Mota Ha'inci Ne

Ya 'yan'uwa Musulmi, ɓarna ta yawaita a kasuwannin motoci 'yan Kwatano. Dillali zai mayar da mita baya, ya zuba baƙin mai mai kauri don ɓoye hayaƙin inji, ya lulluɓe tabon haɗari da fenti. Idan aibi ya bayyana sai ya ce: "Ai ka gani ka saya." Wace Shari'a ce ta ce haka?

Malaman fiƙihu sun tabbatar da khiyarul aibi: wanda ya tarar da tsohon aibi da aka ɓoye masa, yana da zaɓin riƙe kaya ko mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Manzon Allah (SAW) ya ba wanda ya sayi dabbar da aka tara wa nono a hantsa zaɓin kwana uku, kamar yadda Muslim ya ruwaito. A mazhabar Imam Malik kuwa, sharaɗin barranta ba ya kuɓutar da wanda ya san aibi ya yi shiru.

Saboda haka mai saye ya tafi da bakanike da shaidu, a rubuta ciniki. Dillali kuma ya ji tsoron Allah, domin la'adar ha'inci haram ce.