Kafin Ka Biya Kuɗin Gida a Haɗeja

Makon jiya wani tsohon abokina, malamin firamare da ya yi ritaya bayan shekara 35 yana riƙe da alli, ya same ni a zaure da wata takarda a ninke cikin leda. Da kuɗin sallamarsa na aiki ya sayi gida a bayan garin Haɗeja cikin watan Maris, lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau. Shaidar mallakarsa ke nan a hannunsa: warƙa ɗaya rubutun hannu, da sa hannun mai sayarwa, da na shaidu biyu, da hatimin mai unguwa. Yanzu ga wata mata da ke aure a Gashuwa ta zo ta ce gidan na mahaifinsu ne, ba a raba gado ba, kuma yayanta bai shawarce ta ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, ashe wannan takarda ba ta isa ba?"

Na yi nauyin baki, domin amsar ba mai daɗi ba ce. Takardar shaida ce cewa ya biya kuɗi, kuma alƙali zai dube ta. Amma ba ta tabbatar da cewa wanda ya karɓi kuɗin yana da ikon sayar da gidan baki ɗaya ba.

Mai karatu, cinikin gida a ƙasar Haɗeja yana ƙarƙashin hukunci uku ne a lokaci guda: al'adar gari, da shari'ar Musulunci, da dokar gwamnati. Akasarinmu na farkon kawai muke cikawa. Dillali ya kai ka, a yi tayi, a ce albarka, a ƙara, a sallama, ka ba da kafin alƙalami, a je gaban mai unguwa, dillali ya karɓi la'adarsa, a shafa fatiha. Ban raina wannan tsari ba. Mai unguwa na gari ya san tarihin kowane soro a unguwarsa, ya san wanda ya gina, da wanda ya gada, da inda iyaka ta tsaya tun kafin a san siminti. Sai dai hatiminsa ba ya mayar da haƙƙin wani ya zama naka, kuma ba ya tsaya wa sa hannun gwamna.

A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na Jigawa ke hukunci da shi, da zarar mutum ya rasu gidansa ya zama na magada duka, kowa da rabonsa. 'Ya mace tana da rabin rabon ɗa namiji, matar mamaci tana da tumuni idan akwai 'ya'ya. Babban wa ba ya zama mai gida don shi ke riƙe da mabuɗi. Iyakar abin da zai iya sayarwa shi ne nasa kason, kuma ko a nan ma akwai shufu'a: abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da damar ya biya kuɗin da baƙo ya biya, ya karɓe kason. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta sa wa wanda yake nan a gari wa'adin shekara guda, shi kuwa wanda ba ya nan haƙƙinsa yana jiransa har ya dawo. Matar nan ta Gashuwa ke nan. Saboda haka duk wanda aka yi wa tallar gidan gado, ya nemi takardar rabon gado daga kotu. Idan babu, ya ce a tara masa magada, maza da mata, kowa ya sa hannu da kansa ko ta wakilin da ya naɗa a gaban shaidu. Idan akwai marayu ƙanana a ciki, kada ya taɓa sai alƙali ya sani. Mun saba jin "ai matan sun yarda" daga bakin maza, mu kuma kunya ta hana mu cewa muna so mu ji daga bakinsu. Kunyar nan ta cinye gidaje da yawa.

Sai dokar gwamnati, wadda ita ce aka fi jahilta. Tun ranar 29 ga Maris 1978, da gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna a matsayin amana. Mu a Arewa ba baƙon abu ba ne, domin dokar Turawa ta 1910 da ta Jihar Arewa ta 1962 sun riga sun bi wannan hanya. Abin da kake saye a gaskiya shi ne ginin da kuma haƙƙin zama a kan filin, wanda takardar shaidar mallaka ta gidan zama kan ba da na shekara 99. Inda gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi kaɗai ke ba da wannan haƙƙi. A karkara ƙaramar hukuma ce ke bayarwa. Don haka takardar ƙaramar hukuma a kan filin da ya faɗa cikin yankin birni ba ta da ƙarfin da mai ita yake zato, kuma a gari irin Haɗeja da ke ta faɗaɗa yana cinye gonaki, wannan tambaya ce da ya kamata a yi tun farko.

Sashe na 22 na dokar ya ce ba a sayarwa, ba a jinginarwa, ba a miƙa haƙƙin da gwamna ya bayar sai da yardarsa. Sashe na 21 ya nemi yardar ƙaramar hukuma a kan na karkara. Sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa wannan ɓatacce ne. Kada wani ya ce gidansa na kaka da kakanni ne, ya girmi dokar. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, a 1989, Kotun Ƙoli ta yanke cewa wanda ya mallaki gida a birni tun kafin 1978 shi ma sai ya nemi yardar gwamna.

Hanyar ba ta da wani sirri. Kafin kuɗi su fita, lauya ya je ofishin rajistar filaye ya bincika fayil ɗin: sunan wa ke kai, an jinginar da shi a banki ko kuwa, gwamnati ta soke ko ba ta soke ba. Mai sayarwa ya nuna takarda ta asali, domin sau da yawa wanda ya kawo hoton takarda, asalinta tana ajiye a banki. Mai safiyo ya auna, ya gwada da abin da ke cikin taswira. Sannan a rubuta takardar miƙa mallaka, a nemi yardar gwamna, a biya harajin hatimi, a yi rajista. Na san abin da za a ce: zirga-zirga zuwa Dutse, da kuɗin lauya, da jiran watanni. Gaskiya ne, kuma laifin gwamnatoci ne da suka bar abin ya yi wa talaka tsada har ya gwammace kasada. Amma duk kuɗin nan bai kai abin da shari'ar shekara biyu za ta lashe ba. Ga kuma wani abin lura: rikici a kan filin da ke da takardar gwamna Babbar Kotun Jiha ce kaɗai sashe na 39 ya ba ikon saurarensa tun daga farko, don haka wanda ya kai ƙara inda ba nan ba zai iya cin nasara a rushe ta a ɗaukaka ƙara.

Akwai kuma mai da'awa na huɗu a ƙasarmu wanda ba ya zuwa kotu, wato kogi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan Haɗeja ta sauya, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyinsa, yakan kuma ɓalle ta inda ba a zata ba. Mutanen Auyo, da Kafin Hausa, da Kiri Kasamma, da Guri ba sa bukatar a tuna musu daminar 2020 da ta 2022, haka matasan Haɗeja da suka kwana a kan jinga suna jera buhunan ƙasa. Fili a fadama da rani kamar kowane fili yake, kuma shi ya fi araha, araha kuwa ba ta ado. A shari'a, ɓoye aibin da mai sayarwa ya sani yana ba mai saye damar mayar da kaya, kuma ban ga aibin da ya fi a ce gida yana cika da ruwa duk shekara ba. Sai dai tabbatar da hakan bayan an kashe kuɗin wuya gare shi. Mai hankali ya je ganin gida cikin Agusta ko Satumba. Idan bai samu ba, ya dubi gindin katangun maƙwabta, domin ruwa yakan bar zanensa ko an shafe na gidan sayarwa da sabon fenti, ya kuma tambayi tsofaffin unguwa ba a gaban dillali ba.

A nan nake ganin hukuma ta gaza fiye da ko'ina. Mai ba da izinin gini ya kamata ya zama yana da taswirar inda ruwa ke kwanciya, a manna ta a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma takwas na masarautar, kowa ya gani kyauta. Majalisar Mai Martaba Sarkin Haɗeja, Alhaji Adamu Abubakar Maje, tana iya umartar hakimai da dagatai da masu unguwanni kada su buga hatimi a kan cinikin gidan gado sai sun ga takardar kotu. Wannan ba ya bukatar kasafin kuɗi.

Abokina dai na raka shi wurin lauya, wanda ya ba shi shawarar ya nemi sulhu kafin ƙara: ko ya biya matar kasonta a cire daga abin da yayanta ya karɓa, ko a warware cinikin. Matsalar ita ce yayan ya riga ya sayi mota da kuɗin, ya kuma ƙara aure. An sa ranar zama bayan sallar Juma'a mai zuwa a gidan dagaci, kuma matar ta aiko cewa da kanta za ta zo.