Akwati da yawa, tambaya uku kacal



A Ingila da Amurka akwai mutanen da ke cika kanta da akwatunan wasa iri ɗaya. Sunan wasan Cluedo, Amurkawa kuma suna ce masa Clue. Wani makaɗin fiyano daga Birmingham, Anthony Pratt, shi ya ƙirƙiro shi lokacin yaƙin duniya na biyu, kamfanin Waddingtons ya fitar da shi kasuwa a 1949. An haɗo sunan ne daga kalmar Turanci mai nufin alamar da ke kai mai bincike ga gaskiya, da kuma Ludo, wato lidon nan da muka sani.

Ga yadda ake bugawa. An kashe mai gida, Dr Black, a cikin katafaren gidansa. Mutum shida ake zargi, makamai shida ne, ɗakuna tara. Kafin a fara, sai a zare kati ɗaya daga kowane rukuni a rufe cikin ambulan, a raba wa 'yan wasa sauran. Kowa zai riƙa faɗin wanda yake zargi, mai riƙe da ɗaya daga katunan ya nuna masa a ɓoye, shi kuma ya soke a takardarsa. Haka har wani ya amsa tambayoyi uku: wa ya yi, da me, a wane ɗaki? Amsa ɗaya ce cikin 324.

Abin da masu tarawa ke bi shi ne bugu na musamman da ake yi wa fitattun finafinai da littattafai. Akwai na Simpsons, inda attajirin garin Mr Burns ne aka kashe, cikin makaman har da donat mai guba. Akwai na Harry Potter, na Star Wars, na Game of Thrones, na Scooby-Doo.

Wani zai ce ai asarar kuɗi ce, tunda kowane akwati ka buɗe tambayoyin nan uku za ka tarar. Ni ban yarda ba. Sai ka jera abu iri-iri kafin ka gane wanne ne ƙashi, wanne ne riga. Mai akwati ɗaya wasa kawai ya iya, mai akwati goma yana ganin inda aka yi aiki da inda aka yi lalaci. Wanda kawai nake wa kallon mai asara shi ne wanda ya saya ya ajiye da ledarsa bai taɓa buɗewa ba.

In ka buɗe su za ka ga kashi biyu ne. Wasu sunaye da hotuna kaɗai aka sauya. Wasu kuwa sabuwar duniyar ta shiga cikin dokar wasan. A na Harry Potter ba kisa ake bincika ba, ɗalibi ne ya ɓace a makarantar Hogwarts. Kuma da yake makarantar a labarin asali ba ta tsayawa yadda take, sai aka sa wa allon wasu faya-fayai masu juyawa, ƙofar da ka bi ɗazu ta rufe, wata hanya ta buɗe. Wannan shi ne bugun da ya cancanci kuɗinsa.

To, mu dawo gida. Da yawanmu in mun tashi rubuta labarin bincike, kashi na farko muke yi. A ɗauko fim ɗin Indiya ko na Koriya, a mayar da Raj ya zama Rayyan, Mumbai ta zama Abuja, shikenan an gama. Mai karatu yana jin ƙanshin tuwon wani gida tun a shafi na uku.

Gwada sanya kisan a gidan gandu cikin birnin Kano ka ga abin da zai faru. Baƙo namiji iyakarsa zaure, don an rubuta ba shiga, ke nan masu iya kaiwa turakar maigida ƙalilan ne. Shaida ba zai ce ƙarfe huɗu da kwata ba, zai ce bayan an idar da la'asar. Gawa kuma a ranar za a kai ta makwancinta, mai bincike awanni kaɗan gare shi. Dangi ma za su so a rufa asiri. Duk waɗannan dokoki ne da ke sauya labarin, kuma kyauta ka same su.

Sannan ka ari ɗabi'ar ambulan ɗin nan. Ana rufe amsa ne kafin a jefa ɗan lido. Ka san wanda ya yi kisan tun kafin layin farko, ka rubuta ka ajiye, kada a babi na talatin ka jawo wani kawu daga Legas ka ɗora masa.

Ku duba labarin da ke hannunku yanzu. In aka mayar da sunayen na wata ƙasa, akwai abin da zai rushe? In babu, da sauran aiki.

Allah ya ƙara wa alƙalami kaifi.