Hirar Wata: In Mai Gyaran Gawa Ya Sake Gari

A wannan wata za mu leƙa Amurka, mu dubi wata sana'a wadda ba a cika son zancenta ba, wato shirya jana'iza da gyaran gawa.

A can, idan mutum ya rasu, yawanci ba dangi ke shirya shi ba. Akwai gidajen jana'iza da ake biya su yi aikin. Mai gyara yakan zuƙe jinin gawa, ya ɗura magani cikin jijiyoyi domin kada ta ruɓe da wuri. Sana'ar tsohuwa ce. Cikin Farawa sura 50, Yusufu ya sa masu magani na Masar suka gyara gawar ubansa Yakubu, aikin ya ci kwana 40.

Amurka tana da jiha 50, kowace kuwa da dokarta a kan lasisi. A yawancinsu sai mutum ya yi makarantar aikin, ya koya a hannun gwani, ya kuma ci jarrabawa. To, ga inda gizo ke saƙa. A ce mutum ya shekara 20 yana aiki a jiha guda, sai ƙaura ta kama iyalinsa zuwa wata. Lasisinsa ba ya binsa haka kawai. Jihohi da yawa sukan nemi wasiƙa daga hukumar da ta ba shi, mai shaida cewa ba shi da tabo, sa'an nan ya zauna jarrabawar dokokin sabuwar jiha. Waɗansu kuma sai sun auna karatunsa da nasu.

Akwai masu cewa wannan wahalar da mutum ce kawai, gama gwaninta ba ta zubewa a kan iyaka. Suna da gaskiyarsu. A 2019 jihar Arizona ta yi dokar karɓar lasisin sana'o'i na sauran jihohi, in mai shi ya koma can da zama, ya kuma riƙe shi aƙalla shekara ɗaya ba tare da laifi ba.

Amma ku ji abin da ya sami Kolorado. Tun 1983 jihar ta daina neman lasisi a hannun masu wannan aiki. Cikin Oktoba 2023, a garin Penrose, wari ya dami maƙwabta, aka buɗe wani gini aka tarar da gawa wajen 190 suna ruɓewa. A ƙasar waɗansu sukan ƙone gawa su ajiye tokar. Ashe garin siminti aka riƙa ba iyalai, suna ta kuka a kansa. A 2024 jihar ta maido da dokar lasisi, ta sa 2027 ya zama lokacin da za ta hau kan kowa.

Ni dai a ganina, baƙon da ya iya aiki a buɗe masa ƙofa, kada a sa shi koma makaranta. Amma a tambayi inda ya fito, a kuma tabbata ya san dokar inda ya sauka. Matar da mijinta ya rasu jiya ba ta da ƙarfin binciken kowa, tilas hukuma ta yi mata. Jikin da muke sa zuciya za a tashe shi a ranar ƙarshe ba abin wulakantawa ba ne.

Da yawa cikinmu muna da 'ya'ya da 'yan'uwa a can. Allah ya kiyaye, amma in rasuwa ta zo, ku ce wa na kusa ya tambayi lasisin jihar da ake ciki kafin ya sa hannu a kowace takarda. Tambaya ba rashin kunya ba ce.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.