Abin da ido ya gani a daji

Damana ta sauka, daji ya yi kore, namu sun fito. Manomi da makiyayi sun fi kowa sanin daji, amma abin da suka gani baki kaɗai ke riƙe da shi, har a manta. Wanda ya iya rubutu, in za shi daji, ya sa ɗan littafi da alƙalami a aljihu.

A fita da sassafe, a tafi sannu, ban da surutu, ban da kare. In an ga barewa, ko dila, ko zabin daji, sai a rubuta rana, da wuri, da ko nawa ne. In sawu kaɗai aka gani bakin tabki, a rubuta "sawu". Kada a ƙara ko guda: biyu in sun zama biyar a takarda, aikin ya ɓaci.

Ƙirga yana da amfani. A 1996 raƙuman dawa 49 suka rage a Nijar, wajen Kure. Ana ƙirga su da damana, ana gane kowane da zanen jikinsa, don ba biyu masu zane ɗaya. Da suka wuce 600, a 2018 aka kwashi 8 aka kai dajin Gadabeji, ƙasar Dakwaro.

Fara da janbaki kuwa ba a jira da su. Wanda ya ga inda janbaki ke sheƙa, ya rubuta wurin, ya kai wa malamin gona tun hatsi bai yi ido ba.